Nasiha Ga Malami Da Ɗan Kasuwa Masu Zuwa Taro Birnin Alƙahira

Wannan magana ce a kan wani al'amari da ya yawaita a wannan zamani, watau gayyatar malamai da attajirai zuwa taro a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Wani taron na malamai ne, wani na mahaddata, wani kuwa na ciniki da baje koli. Tafiyar da mutanen dā suka riƙa yi wata da watanni a bayan raƙumi, ta Agadas da Fazzan, cikin ƙishirwa da tsoron 'yan fashi, yau jirgin sama yana yin ta daga Kano bai cika awa biyar ba. Lalle wannan ni'ima ce babba. Sai dai abin da ya zo da sauƙi shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Sau da yawa akan ga mutum ya tafi taro na kwana huɗu ko biyar, ya komo da akwati uku da hotonsa a kan raƙumi gaban dala. In aka tambaye shi masallacin Amru, sai ya ce lokaci ya ƙure masa. In aka tambaye shi ƙubbar Imamu Shafi'i, sai ya ce direba bai san hanya ba. Amma farashin turare da jallabiya, wannan ya haddace shi sarai. Alhali kuwa kuɗin jirgin nan, ko dai jama'a ce ta tara, ko hukuma ce ta biya, ko kuwa daga aljihunsa ya fito, inda iyali ke da haƙƙi. Kowanne ne daga cikin ukun, amana ce. Saboda haka kwana ɗaya ko biyun da suka rage bayan an tashi taro ba na barci a masauki ba ne, ba kuma na yawon kantuna kaɗai ba. Wajibi ne a ɓatar da su wajen ganin tushen karatun da ake yi a zauruka da tsangayu, domin wanda aka aika ya komo da abin da zai faɗa wa waɗanda suka aike shi.

Mai karatu ya duba bashin da allo da littafi ke ɗauke da shi na wannan birni. Almajirin da ya tashi a tsangaya, ƙira'ar Warshu ya fara ji a kunnensa. Warshu kuwa mutumin Masar ne, sunansa Usmanu ɗan Sa'idu. Ya tafi Madina ya yi karatu gaban Nafi'u, ya komo Masar ya karantar, can ya rasu a shekara ta 197 ta Hijira. Imamu Shaɗibi, mai waƙen ƙira'o'i bakwai wanda masu neman wannan fanni ke haddacewa, asalinsa mutumin Andalus ne, amma a Alƙahira ya zauna ya karantar, can kuma ya rasu a shekara ta 590. In aka koma fiƙihu, mai Ishmawi da mai Iziyya duk mutanen Masar ne. Shaihu Halilu mai Muhtasar a Alƙahira ya yi zamansa da karantarwarsa. Tafsirin Jalalaini da ake ja kowane watan azumi, Jalaluddini Mahalli ya fara shi, Jalaluddini Suyuɗi ya cika shi, su biyun kuwa 'yan wannan birni ne. To, yaya malamin da ya shekara talatin yana biya wa almajirai waɗannan littattafai zai sauka a garin masu su, ya fita bai tambayi ko unguwarsu ba?

Zumuncin kuwa bai tsaya kan littafi ba. A tsakiyar ƙarni na 13 na Miladiyya mutanen Kanem suka kafa makaranta a Fusɗaɗu, wadda aka sani da makarantar Ibnu Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu su sami masauki. A cikin Azhar ma an keɓe wa mutanen Barno ruwaƙi nasu, watau sashen kwana da karatu. Suyuɗi da kansa ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga Sarkin Katsina Ibrahimu da Sarkin Agadas. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bafillacen Katsina masanin hisabi da taurari, a Alƙahira ya ƙare kwanansa a shekara ta 1741, a gidan Shaihu Hasanu Jabarti, mahaifin mashahurin mai tarihin Masar. Wanda ya san wannan, in ya taka titin birnin, ya san sawun magabatansa yake bi.

Amma kafin kallo sai shiri, gama kowa ya yi shiri ya yi rabin tafiya. Na farko, a nemi biza tun daga gida, a riƙe takardar gayyatar taro a hannu, kada a jefa ta cikin akwatin da za a auna. Na biyu, katin allurar shawara, domin Masar tana neman sa ga wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take, Nijeriya da Nijar kuwa suna ciki. Na uku, kada kunya ta sa a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko da na ɗan'uwa ne. Akwai ƙwayoyin magani, irin su taramol, waɗanda dokar Masar ta tsananta a kansu ƙwarai, har an ɗaure baƙi saboda su. Mai shan magani na ciwonsa ya tafi da takardar likita. Na huɗu, canjin kuɗi a banki ake yi ko a kantin canji mai izini, gama canji a bayan fage laifi ne a dokarsu, ɗan kasuwar da ya saba da na gida kada ya ɗauka haka yake ko'ina. A kuma riƙe katin banki, domin tun shekarar 2023 manyan wuraren kallo suka koma karɓar kuɗin shiga da kati. Na biyar, tufafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare yana ratsa babbar riga, sai da rigar sanyi da safa. Da bazararsu kuwa, daga Yuni zuwa Agusta, a yi yawo da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan sha a sayi na kwalba.

Sai kuma a lura da nisa. Yawancin tarurruka ana yin su a unguwar Madinatu Nasar, ko kuwa a sabon birnin mulki da aka gina cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira. Wanda aka sauke shi can, ya ga benaye da fitilu, bai ga Alƙahirar littafi ba tukuna. Cunkoson motoci kuwa yana cin sa'o'i, saboda haka a fita bayan asuba. Jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, ya fi mota sauri da araha, yana kuma da taragai na mata zalla, namiji ya kiyaye kada ya faɗa ciki da rashin sani. Wanda zai hau tasi ya tabbatar an kunna mita, ko a yanke kuɗi tun kafin ya zauna. Mafi alheri duka shi ne a nemi ɗalibi ɗan gida daga cikin masu karatu a Azhar ya yi jagora, da yawansu suna zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje. Amma fa a tuna karatu ya kai shi. In an cinye masa yini guda, a biya masa mota da abinci, a kuma sa masa albarka da abin hannu mai kauri, kada a sallame shi da addu'a kawai.

To, rana ta farko a fara daga inda birnin ya fara. Sa'ad da Amru ɗan Asi ya buɗe Masar a zamanin Sayyidina Umaru, ya kafa sansani wanda ya zama garin Fusɗaɗu, ya gina masallaci a shekara ta 21 ta Hijira. Shi ne masallaci na farko a ƙasar Masar. An sāke gininsa an faɗaɗa shi sau da yawa, amma wurin shi ne. Daga tashar jirgi ta Mar Girgis da ƙafa ake isa. A nan Imamu Shafi'i ya riƙa zaman karantarwa a ƙarshen rayuwarsa. Daga nan sai a ɗauki mota zuwa Ƙarafa, babbar maƙabarta da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam. Can ƙubbar Shafi'i take, wanda ya rasu a shekara ta 204 ta Hijira, aka gina masa wannan ƙubba a 1211 ta Miladiyya. Kusa da ita akwai masallacin Imamu Laisu ɗan Sa'adu. A cikin wannan maƙabarta aka binne manyan almajiran Imamu Malik, irin su Ibnul Ƙasim, wanda ta hanyarsa Mudawwana ta iso, da Ashhabu, haka kuma Warshu da Shaɗibi. Tun daga shekarar 2020 hukuma ta shiga ratsa Ƙarafa da tituna da gadoji, an tashi kaburbura da yawa, hanyoyin ciki sun sāke, saboda haka kada baƙo ya shiga shi kaɗai, ya tafi da wanda ya san wurin. Wannan kuma dalili ne na kada a ce sai wani zuwan, gama abin da ido ya samu bana ba lalle ne ya same shi baɗi ba.

Ladabin ziyara sananne ne ga malamai, amma tunatarwa ba ta ɓaci. A yi sallama, a yi wa mamaci addu'a, a tuna da mutuwa, a fita. Baƙo zai ga wasu suna shafar ƙarfe suna ɗaga murya, kada ya kwaikwaya, kada kuma ya tsaya jayayya a garin da ba nasa ba. Zai ga talakawa suna zaune da iyalinsu cikin gidajen maƙabartar, ya yi musu sallama irin ta maƙwabta, kada ya ɗaga na'urar hoto a fuskarsu.

Bayan azahar sai masallacin Ahmadu ɗan Ɗuluna, wanda aka gama a shekarar 879. Fili ne mai faɗi da natsuwa, hasumiyarsa kuwa matakalarta ta waje take, tana nannaɗe ta har sama. A kan titin Saliba, tafiya kaɗan daga nan, makarantar Shaihuniyya take, inda Shaihu Halilu ya karantar da fiƙihun Malikiyya. In aka miƙe sai a iske makarantar Sarki Hasanu, wadda aka fara a 1356. A nan akwai abin lura ga duk mai hankali. Gini ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, wurin alwala ɗaya, alƙibla ɗaya, amma a kusurwowinsa huɗu an yi makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata ƙofa. Mutanen da suka tsara wannan sun fahimci cewa saɓanin malamai ba ya hana haɗa sahu. Wanda ya fito daga garin da masallaci biyu ke fuskantar juna ba sa gaisawa, ya daɗe a tsaye a wannan tsakar gida. In da sauran ƙarfi a hau Ƙal'a, ganuwar da Salahuddini ya fara a 1176, daga kanta ana hango birnin duka har dala.

Rana ta biyu ta Azhar ce. Jauharu, sarkin yaƙin Faɗimiyyawa, shi ya kafa Alƙahira a shekarar 969, aka fara ginin Azhar a 970, aka yi sallar Jumma'a ta farko cikinsa a 972. In ranar ta dace da Jumma'a a yi sammako, gama wuri yana cika. Har yau ana zaman karatu a cikin masallacin, malamin da ya zo taro kuwa ba zai ragu da kome ba in ya naɗe ƙafa ya saurari darasi ɗaya a sahun ɗalibai. Zai ji limamai suna karatu da riwayar Hafsu, domin ita ce ta game Masar a yau, a garin Warshu kansa. Kada wannan ya dame shi, kada kuma ya ji ƙasƙanci da tasa, duka biyun riwayoyi ne tabbatattu. A bayan masallacin akwai masallacin Shaihu Ahmadu Dardiri, mai sharhin Muhtasar, da lungunan masu sayar da littattafai. A nan ya kamata nauyin akwati ya ƙare. Maɗaba'ar Halabi, wadda sunanta ke bangon tsofaffin littattafai masu rawayar takarda a zaurukan malamai, ta wannan birni ce. Tafsirin Malam Abdullahi na Gwandu ma, Liya'ut Tawili, a Alƙahira aka buga shi a 1961. Mai saye ya rubuta sunayen littattafan da yake so tun daga gida, ya ƙirga juzu'ai, ya buɗe tsakiya ya duba kada a ba shi mai fararen shafuka. Wanda taronsa ya faɗo ƙarshen Janairu ya yi sa'a, gama lokacin ne ake babbar kasuwar littattafai ta shekara, wadda aka fara tun 1969.

Da yamma a bi titin Mu'izzu da ƙafa, daga ƙofar Futuhu zuwa ƙofar Zuwaila, kimanin kilomita ɗaya. A kansa ginin Sarki Ƙalawuna yake, na shekarar 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibitin da aka yi wa waƙafi domin a yi wa marasa lafiya magani kyauta. Attajiri ya dubi wannan da kyau, ya ga inda dukiya take zuwa ta daɗe. A ƙofar Zuwaila kuwa aka rataye Ɗumanbai, sarkin Mamalik na ƙarshe, sa'ad da Turkawa suka ci Masar a 1517. Titi ɗaya ya haɗa wa mai tafiya wa'azi biyu.

Ɗan kasuwa ba a hana shi kasuwa ba, gama fatauci ma ilmi ne. Kasuwar Hanul Halili tana daf da masallacin Husaini, tsallaken titi daga Azhar, asalinta tun ƙarshen ƙarni na 14. Kusa da Azhar kuma akwai wakalar Sarki Guri, masaukin fatake na farkon ƙarni na 16, ɗakunan ajiyar kaya a ƙasa, na kwana a sama, wanda duk ɗan fatake zai gane tsarinsa da gani ɗaya. Bayan ƙofar Zuwaila akwai layin masu ɗinkin tanti, aikin hannu mai kyan gaske. Amma a tuna da labarin Mansa Musa Sarkin Mali. Ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, shi da jama'arsa suka yi ta kyauta da saye har darajar zinariya ta faɗi a garin. 'Yan kasuwar Masar suka riƙa ninka musu farashi suna biya. Da ya komo daga Makka sai da ya ci bashi wajen attajiran birnin kafin ya kama hanyar gida. In mai zinariyar Mali ya ƙare da rance, ina ga mai guzurin kwana biyar? A taya ƙasa, a zaga shago uku kafin a biya, kada a bi ɗan kamashon da ya tare mutum a titi da fara'a yana cewa shagon ɗan'uwansa ya fi araha. Mai son sarin kaya da yawa ya rubuta yarjejeniya, ya san kuɗin dako da na kwastan kafin ya ba da kafin alƙalami.

Saura maganar dala da gawarwakin fir'aunoni. Akwai malaman da ke ƙyamar zuwa can, suna cewa wurin waɗanda aka yi fushi da su ne, musulmi ba shi da abin nema ciki. Maganarsu tana da fuska, in zuwan na shagala ne da alfahari. Amma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa domin wa'aztuwa da makomar al'ummun da suka shuɗe, wanda kuwa ya je da wannan niyya bai yi asara ba. Babbar dalar Giza ta kai wajen shekara 4,500, tsawonta na asali mita 146, kabari ce ta mutum ɗaya. A shekarar 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza da mata, aka kai su sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗu, kusa da masallacin Amru, saboda haka ana iya haɗa su da ziyarar rana ta farko. Sai dai a kiyaye harshe. Fir'auna laƙabi ne na sarakuna masu yawa, masana kuwa sun saɓa a kan wanne ne na zamanin Annabi Musa, wasu sun ce Ramsis na biyu, wasu sun ce ɗansa. Kada malami ya komo ya hau mumbari ya rantse cewa ya ga Fir'aunan Musa da idonsa. Wanda kuma zai hau raƙumi a Giza ya yanke kuɗin hawa da na sauka tun yana ƙasa. In lokaci ya ƙure, dala ce za a bari, ba Azhar ba.

Wani zai ce, ai taro aka aiki mutum, ba yawo ba. Gaskiya ne, wanda kuwa ya sulale daga zauren taro ya tafi kallo ko kasuwa ya ci amana tun da fari. Zaman taro shi ne farilla, kallo nafila, ba a kuwa barin farilla domin nafila. Abin da ake nufi shi ne a tsara tafiya tun daga gida, a roƙi a jinkirta ranar komowa da kwana ɗaya ko biyu, ko da mutum zai biya masaukin daga aljihunsa, ya rage daga kuɗin tsaraba. Wani kuma zai ce Larabcinsu ba ya jiyuwa. Lalle talakan Masar yana mai da jimun ga, yana haɗiye ƙafun, ba ya kula da i'irabi. Malami kada ya raina shi saboda wannan, gama kowane gari da bakinsa. In ya yi magana da fusha a hankali za a gane shi, sau da yawa ma za a girmama shi saboda ita. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

Wanda ya bi wannan tsari zai komo da akwati mai nauyin littafi, da ɗan littafin aljihu da ya rubuta abin da ya gani kowace rana. Sa'ad da ya zauna a zaure almajirai suka buɗe Muhtasar, zai iya gaya musu titin da mai littafin ya bi zuwa makaranta. Sa'ad da attajirai suka zo yi masa barka da zuwa, zai ba su labarin asibitin Ƙalawuna da bashin Mansa Musa. Turare yakan ƙare cikin wata uku, jallabiya ta koɗe, amma wannan tsaraba almajiri zai miƙa ta ga nasa almajirin. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa albarka cikin abin da suka gano.